Ƙaramin Koto ko Babba: Zaɓin Mai Fatsar Kifin Bas a Tafkunan Amurka da Jama'a Suka Yi wa Yawa

Duk wanda ya isa bakin tafkin Guntersville da ke jihar Alabama da asubahin wata Asabar a cikin watan Maris zai tarar da motoci sun yi layi suna jiran sauke jiragensu a ruwa, kuma kafin hantsi ya dubi ludayi kowane lungu mai ciyawa ya riga ya sami mai shi. Haka abin yake a tafkin Fork na jihar Tekzas, haka yake a tafkin Castaic da ke arewa da birnin Los Anjeles, kuma haka yake a ƙananan tafkunan gwamnati da ke gefen kusan kowane babban gari. Abin da waɗannan mutane suke nema shi ne kifin bas mai faɗin baki, mafaraucin kifi wanda a ɗabi'arsa ta kwanton ɓauna ya ɗan yi kama da giwan ruwa, ko da yake bai kama ƙafarsa a girma ba, domin mafi nauyi da aka amince da shi a hukumance kilo 10 ne da 'yan giram.

Matsalar irin waɗannan tafkuna ba ƙarancin kifi ba ce. Tun da Ray Scott ya kafa ƙungiyar masu fatsar bas ta B.A.S.S. a 1968, sannan a 1972 ya fara kiran masu gasa su riƙa mayar da kifinsu ruwa da rai, al'adar a kama a saki ta zama ruwan dare a tsakanin masu fatsar bas. Wannan al'ada ta ceci kifin, amma ta bar tafkunan cike da kifayen da suka taɓa jin zafin ƙugiya, wasu ma ba sau ɗaya ba. Karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma ba ta taɓa dacewa da wani wuri kamar yadda ta dace da tafkin da ake jefa masa koto dubu a rana ba. Saboda haka wanda yake shirin sayen sanda da zare da koto domin irin wannan ruwa yana da hanya biyu a gabansa: ko dai ya ƙanƙantar da komai, ya yi amfani da siririn zare da ɗan koton roba da bai kai tsawon yatsa ba, ko kuma ya je ɗaya ƙarshen, ya jefa koto mai girman tafin hannu da 'yan kai wanda manyan kifaye kaɗai ke iya haɗiyewa. Kayan aikin hanyoyin biyu ba sa musanyuwa, kuma mai ƙaramin ƙarfi ba zai sayi duka a lokaci guda ba, don haka zaɓin yana buƙatar tunani.

Kafin a kwatanta su, yana da kyau a san abin da yake faruwa da kifin kansa. A ƙarshen shekarun 1970, David Philipp da abokan aikinsa sun fara wani bincike a ɗan tafkin Ridge da ke jihar Ilinoi, inda aka riƙa sa wa kowane bas da aka kama alama kafin a sake shi. Bayan shekara huɗu aka zuƙe ruwan tafkin, aka tattara kifi sama da 1,700, sai aka tarar kimanin 200 daga cikinsu ba su taɓa cin ƙugiya ba ko sau ɗaya, alhali wasu an kama su sau da dama. Daga nan masu binciken suka ware masu saurin kamuwa daban, masu wuyar kamuwa daban, suka bar kowane rukuni ya hayayyafa har zuriya uku, kuma sakamakon da suka wallafa a 2009 ya nuna cewa saurin cin ƙugiya abu ne da ake gado. Ma'anar wannan ga mai fatsa ita ce, a tafkin da aka daɗe ana matsa wa, abubuwa biyu ne suka taru: akwai kifin da ya koyi darasi da bakinsa, irin wanda maciji ya sara ya ga tsumma ya gudu, akwai kuma wanda tun asali da taka-tsantsan aka ƙyanƙyashe shi. Kowace daga cikin hanyoyin biyu amsa ce ga wannan hali, sai dai kowace ta bi ta ƙofa daban.

Hanyar ƙaramin koto tana aiki ne ta rage duk abin da zai sa kifi ya yi zargi. Mafi sauƙin nau'inta shi ne ɗaurin Ned, wanda ya samo sunansa daga Ned Kehde, wani mai fatsa kuma marubuci na garin Lawrence a jihar Kansas, wanda ya gaji salon daga tsofaffin masu fatsa na yankin birnin Kansas irin su Chuck Woods. Ƙugiya ce ƙarama mai kan dalma da nauyinsa bai wuce giram 2 zuwa 3 ba, a soka mata guntuwar roba mai tsawon ƙasa da inci 3. Robar da kamfanin Z-Man yake yi ba ta nutsewa, saboda haka idan dalmar ta sauka ƙasa sai wutsiyar ta miƙe tsaye tana ɗan kaɗawa, kamar ƙwaron ruwa yana tonon taɓo. Ana jefa shi, a bar shi ya sauka, a ɗan ja shi a hankali ko a girgiza kan sanda, shi ke nan. Ba ya ƙara, ba ya walƙiya, kuma bai yi kama da wani abu takamaimai ba, abin da ya sa da wuya kifi ya danganta shi da zafin da ya taɓa ji. Kehde ya shahara da burin kama bas 101 cikin awa huɗu a ƙananan tafkunan gwamnati na arewa maso gabashin Kansas, waɗanda ke kusa da garuruwa kuma jama'a suke yi wa yawa, kuma wannan burin kaɗai ya isa ya nuna abin da salon yake nema, wato yawa.

Ɗan'uwansa shi ne ɗaurin da ake kira dirof-shot, wanda ya bunƙasa a tafkunan Japan, sannan ya bazu a Kalifoniya a shekarun 1990, inda marigayi Aaron Martens, wanda ya taso yana fatsa a Castaic, ya zama cikin waɗanda suka fi ƙwarewa a kansa. A nan dalmar ce a ƙarshen zare, ƙugiyar kuma an ɗaure ta sama da ita da kamar santimita 30 zuwa 45, an maƙala mata siririyar tanar roba ta hanci. Amfanin wannan tsari shi ne dalma tana zaune a ƙasa, tana kuwa tana lilo a daidai idon kifi, kuma mai fatsa zai iya barin ta a wuri ɗaya tsawon minti guda ko fiye yana motsa ta kaɗan-kaɗan ba tare da ta gusa ba. A ruwa mai zurfi kuma garai-garai, inda bas yake da lokacin da zai zo ya tsaya ya ƙare wa koto kallo, ban san wani ɗauri da ya fi wannan ba. Na uku shi ne Senko, robar da Gary Yamamoto ya ƙera a shekarun 1990, mai kama da alƙalami kuma cike da gishiri, wadda ake soka wa ƙugiya a tsakiya a jefa ba dalma, ta riƙa nutsewa a kwance bakunanta biyu suna rawa. Ita ce ta fi dacewa da ƙarƙashin gadojin katako da gefen ciyawa a ruwa marar zurfi.

Duka ukun suna buƙatar sanda mai laushi da tsawonta ya kai ƙafa 7 ko kusa da haka, da injin naɗi irin wanda yake rataye a ƙarƙashin sanda, da zaren fulorokabon mai ɗaukar nauyin fam 6 zuwa 8 (fam ɗaya ya kusa rabin kilo), wanda kifi ba ya saurin gani a ruwa. Da yawa suna cika injin da siririn zare mai kitso, su ƙulla masa fulorokabon mai tsawon gaba ɗaya ko biyu a ƙarshe, domin zare mai kitso ba ya miƙewa kuma yana isar da ɗan taɓin da kifi ya yi wa koto har hannu. Kuɗin wannan kaya bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na ɗaya hanyar, kuma ledar roba guda ta 'yan daloli tana iya kai mutum makonni.

Sai dai hanyar tana da aibinta, kuma masu yabonta sukan yi shiru a kai. Na farko, ƙaramin koto ba ya zaɓen baki: ɗan bas mai inci 8 zai riga babban zuwa gare shi, haka ma sauran ƙananan kifaye, don haka mutum zai iya wuni yana cire ƙugiya daga bakin yara. Na biyu, yana da nawa. Wanda bai san inda kifi yake ba zai iya ɓata awa biyu yana jan ɗan koto a ruwan da babu komai, alhali mai koto mai sauri ya zagaye lungun cikin minti goma ya wuce. Na uku, kuma wanda ya fi ciwo, siririn zare ba ya jure wa ƙaya. Tafkin Fork, wanda aka tare ruwansa a 1980, cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye a tsaye, Guntersville kuma shimfiɗe yake da ciyawar ruwa mai kauri, kuma a irin waɗannan wurare bas mai kilo 3 da ya ji ƙugiya zai nufi cikin sarƙaƙiya kai tsaye, zaren fam 6 kuwa ba zai juyo da kansa ba. Akwai kuma batun da ya shafi lafiyar kifin, wanda nake ganin bai kamata a tsallake shi ba: roba mai laushi da gishiri irin Senko kifi yakan haɗiye ta har maƙogwaro idan mai fatsa ya yi jinkirin ɗaga sanda, kuma doguwar kokawa da siririn zare a ruwan zafi na watan Yuli da Agusta tana gajiyar da kifi har ya mutu bayan an sake shi. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya lura da zarensa koyaushe, ya riƙe filaya mai dogon baki a aljihu, kuma ya daidaita birkin injinsa yadda kokawar ba za ta yi tsawon banza ba.

Hanyar babban koto tana da wata hikimar dabam. Ta samo asali ne a tafkunan kudancin Kalifoniya, inda hukuma take zuba kifin tirawut a lokacin sanyi domin masu fatsa, manyan bas kuma suka mayar da shi abincinsu. Da farko Allan Cole ya sassaƙa wani dogon koton katako mai gaɓa da aka sani da AC Plug, daga baya Ken Huddleston ya fito da na roba mai inci 8 wanda ya yi kama da tirawut har da ɗige-ɗigen jikinsa, sannan kamfanonin Japan irin su Deps suka kawo masu gaɓa guda da ke sulalewa dama da hagu idan ana naɗe zare a hankali. Dalilin da ya sa suke aiki a ruwan da aka matsa wa shi ne, tsohon bas mai kilo 3 zuwa 5 ya ga dubban ƙananan koto a rayuwarsa, amma kaɗan ne suka taɓa jefa masa abu mai girman abincin da yake ci a zahiri. Ƙari a kan haka, babban kifi yana auna wahala da riba, ya fi son loma ɗaya mai ƙosarwa a kan bin ƙananan kifaye ashirin. Babban koto kuma yana janyo kifi daga nesa, har wanda bai ci ba yakan biyo shi zuwa gefen jirgi, abin da yake nuna wa mai fatsa inda manyan suke kwana.

Farashin wannan hanya yana da nauyi ta fuska uku. Koto ɗaya yakan haura giram 100, don haka sai da sanda mai ƙarfi ta kusan ƙafa 8, da babban injin naɗi irin wanda yake zaune a bisa sanda, da zare mai ɗaukar fam 20 ko fiye. Koton kansa yana farawa daga gomman daloli, waɗanda ake sassaƙawa da hannu kuma suna kai ɗaruruwa, kuma wanda yake fatsa daga gaɓa ba shi da hanyar ceto shi idan ya maƙale a dutse. Amma abin da ya fi kuɗi tsada shi ne haƙuri. Mai babban koto yakan yi fita uku ko huɗu a jere bai ji ko taɓi ba, kuma tun da cizon ba shi da yawa, koyon ma yana tafiyar hawainiya, domin mutum ba ya gane kuskurensa sai kifi ya ba shi amsa. Mai ƙaramin koto da ya kama ashirin a rana ya koyi abu ashirin game da zurfi da irin ƙasa da lokacin cin abinci, mai babban koto kuwa wataƙila ya koyi abu ɗaya.

Akwai wani labari da yake haskaka batun gaba ɗaya. A watan Oktoba na 2011, Paul Elias ya ci wata babbar gasa da ƙungiyar shirya gasannin fatsa ta FLW ta shirya a Guntersville da kifi 20 masu nauyin fam 102 da oza 8 cikin kwana huɗu, yana amfani da wani tsari mai wayoyi biyar kamar haƙarƙarin lema, kowace waya ɗauke da ɗan koto, wanda Andy Poss ya ƙera kuma aka fi sani da ɗaurin Alabama. A ruwa yana kama da ɗan garken shad, ƙananan kifayen da bas ke ci, kuma bas ɗin tafkin ba su taɓa ganin irinsa ba. Cikin 'yan watanni kowa ya saya, B.A.S.S. ta hana amfani da shi a manyan gasanninta a 2012, kuma ko da yake har yau yana kama kifi, musamman a lokacin sanyi, bai sake yin irin abin mamakin da ya yi a farkon zuwansa ba. Abin da na fahimta daga wannan shi ne, ƙarfin koto a tafkin da aka matsa wa yana da alaƙa da ƙarancin masu jefa shi. Wannan ne ya sa matsakaicin koto mai ƙara da walƙiya, wanda yake cika shagunan kayan fatsa kuma kowane jirgi yake jefawa a gaɓa ɗaya daga safe zuwa yamma, ya fi kowane shan wahala a ranar da rana ta take kuma iska ta kwanta. Yana da ranarsa, wato idan iska tana kaɗa ruwa, ko ruwan sama ya gurɓata tafki, ko da duku-duku, domin a lokacin kifi ba ya gani sosai kuma yana kai hari kafin ya yi nazari. Haka kuma ya kamata a sani cewa ɗaurin Ned da Senko su ma sun zama na kowa a shekarun nan, don haka a wasu tafkunan ƙaramin koto ya fara rasa fifikon da yake da shi a da, ko da yake rashin ƙararsa da rashin takamaiman siffarsa suna sa kifi ya fi jinkirin gane shi.

Ba zan ɓoye cewa akwai hanya ta uku ba, wato koto mai rai. Bas mai fam 18.18 da Barry St. Clair ya kama a Fork a watan Janairun 1992, wanda shi ne mafi nauyi a tarihin Tekzas, ɗan kifi mai rai ya ci, haka shi ma wanda Manabu Kurita ya kama a tafkin Biwa na Japan a 2009, wanda aka yi masa kunnen doki da na George Perry na 1932 a Jojiya a matsayin mafi nauyi a duniya. Koto mai rai yana yaudarar kifin da ya gaji da roba, amma dokokinsa sun bambanta daga jiha zuwa jiha, an hana shi a gasa, kuma ya fi kowane sa kifi ya haɗiye ƙugiya, saboda haka wanda yake da niyyar sakin abin da ya kama ya yi hattara da shi.

Idan aka zo ga yanke shawara, abin da ya fi muhimmanci shi ne yawan lokacin da mutum yake da shi da kuma irin ruwan da ke kusa da gidansa. Wanda yake samun awa uku ko huɗu a mako bayan aiki, yana fatsa daga gaɓa ko daga ɗan kwalekwale, a tafkin da ƙasansa duwatsu ne ko tsakuwa kuma ana hango abu a zurfin mita ɗaya ko fiye, ya fara da ƙaramin koto ba tare da wani kokwanto ba. Zai kama kifi tun makon farko, zai san tafkinsa cikin damina ɗaya, kuma asarar ƙugiya goma ba za ta hana shi barci ba. Wanda tafkinsa ciyawa ce da kututture daga gaɓa zuwa gaɓa, siririn zare zai yi ta sa shi baƙin ciki, gara ya riƙe ƙaramar roba amma ya ɓoye bakin ƙugiyar a cikin jikinta, ya ƙara kaurin zare zuwa fam 12 ko 15. Babban koto kuwa na wanda ya riga ya san tafkinsa ne, ya san tudun ƙarƙashin ruwa da bakin tsohon rafi da inda manyan kifaye suke tsayawa, ya gaji da kama ƙanana, kuma zuciyarsa za ta iya ɗaukar komawa gida hannu rabbana. Lokacinsa mafi kyau shi ne ƙarshen hunturu zuwa farkon bazara, kafin kifi ya hau gaɓa yin ƙwai, sa'ad da manyan mata suke kan nauyinsu kuma suke neman abinci mai yawa.

Ra'ayina shi ne mai farawa ya sa kuɗinsa a sanda ɗaya mai laushi, ya ba ta shekara guda cur, ya kuma rubuta zurfi da wuri da yanayin kowace rana da ya kama kifi mai ɗan girma. Waɗannan wurare ne zai koma wa da babban koto a shekara ta biyu idan sha'awarsa ta kai shi can. Kafin ya jefa ko ɗaya daga cikinsu, ya sayi lasisin jihar da yake ciki, ya kuma karanta dokar tafkin, domin a Fork, alal misali, duk bas da tsawonsa ya faɗa tsakanin inci 16 da 24 dole ne a mayar da shi ruwa nan take. Idan kuma aikinsa yana ba shi damar fita ranar Talata ko Laraba maimakon Asabar, ya fita a ranakun nan, ya isa bakin ruwa kafin gari ya waye, ya fara da gaɓar da ta fi nisa da wurin ajiye motoci, ya taka ƙasa a hankali, kuma ya yi jifansa na farko yana tsaye taku biyar daga bakin ruwa, domin bas da ke kwance a gindin gaɓa yana jin takun mutum kafin ya ga kotonsa.